Wasan Zaure da Wasan Na'ura: Abin da Ya Kamata a Ara da Abin da Ya Kamata a Bari

Ƙofar Wambai da al'adar aro

Ƙofar Wambai tana gabashin ganuwar birnin Kano, tsakanin Ƙofar Mazugal da Ƙofar Mata, tana duban Fagge. Ta sami sunanta ne daga sarautar Wambai, ɗaya daga cikin tsofaffin sarautun Kano. Kasuwar da ke bakinta ta daɗe da yin suna wajen zare da kayan ɗinki, da gwanjo, da kayan roba. Amma ga masu nazarin adabi, abin da ya fi ɗaukaka ta shi ne cinikin kaset. A nan ne 'yan kasuwa su ka riƙa kwafar finafinan Indiya da na Amurka, da karatun malamai da waƙoƙi, suna aikawa da su garuruwan Arewa har zuwa Nijar. Da aka fitar da *Turmin Danya* cikin 1990, fim ɗin Hausa na bidiyo ya tarar da hanya a share, ya bi ta. Masanin nan Brian Larkin ya bayyana yadda wannan ciniki ya gudana cikin littafinsa *Signal and Noise* na 2008.

Abu biyu su ka fito fili daga wannan tarihi. Na farko, Bahaushe ba ya ƙyamar aro: masu shirya fim sun ɗauko rawa da waƙa da labarin soyayya daga Indiya, jama'a kuwa su ka karɓa da hannu biyu. Na biyu, abin aro ba ya zuwa shi kaɗai, ya kan zo da halin kasuwar da ta haife shi. Da dillalan kaset su ka ga fim mai waƙa ya fi tafiya, sai waƙa ta yawaita, har a inda labari bai neme ta ba. Ƙorafin da ya biyo baya yana cikin dalilan da su ka sa Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai cikin 2001.

Kaset ya wuce, faifai ya gaje shi, shi ma wayar hannu ta ture shi. Yaran da iyayensu su ka tashi da kallon bidiyo, su sun tashi ne da gidan gem, inda a ke biyan kuɗi a buga ƙwallo a allon talabijin, da kuma wasannin yaƙi na waya irin su Free Fire, wanda ya fito a 2017, da PUBG Mobile, wanda ya fito a 2018. Waɗannan yara su ne ke zaune gaban malamin Hausa a yau. To, in malami ya yi niyyar shirya musu wasan kwaikwayo na zaune, wanda za su koyi magana da tarihi da al'ada a cikinsa, shin ya dace ya gina shi bisa tsarin wasan na'ura da su ka saba da shi? Turawa sun riga sun yi wannan gardama a kan nasu wasan, kuma akwai amfani a san yadda ta ƙare.

Mene ne wasan zaure?

Abin da a ke nufi da wasan zaure a nan shi ne wanda Turawa ke yi a kewayen tebur. Mutum huɗu ko biyar su kan zauna, kowa ya ɗauki sunan wani mutum na cikin labari, a rubuta masa ƙarfinsa da wayonsa da kayansa a takarda. Mutum guda kuma shi ne uban wasa: shi ke faɗin inda a ke da abin da ya auku, shi ke magana da bakin duk wanda aka tarar a hanya. Ɗan wasa ya faɗi abin da zai yi, uban wasa ya faɗi abin da ya biyo baya. In abin mai shakka ne, sai a jefa dayis, watau ɗan ƙashin nan mai ɗigo-ɗigo irin na 'yan lido, ya raba gardama. Babu wanda ya san ƙarshen labarin, har shi uban wasan.

Asalinsa daga wasan yaƙi na sojan Jamus ya ke. Cikin 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa rundunar Furusiya wasan da a ke yi bisa taswira, da alƙali a tsakani, da dokoki masu yawan gaske. Yawan dokokin ya gajiyar da hafsoshi, har cikin 1876 wani babban hafsa, Verdy du Vernois, ya ba da shawara a rage su, a bar ƙwararren alƙali ya riƙa yanke hukunci da saninsa. Ashe tun daga tushe akwai ja-in-ja tsakanin hukuncin doka da hukuncin mutum. Bayan kusan shekara ɗari, cikin 1974, Gary Gygax da Dave Arneson su ka buga *Dungeons & Dragons* a Amurka, 'yan littattafai uku cikin akwati ɗaya. Sabon abin da su ka kawo shi ne, maimakon ɗan wasa ya ja runduna, sai ya zama mutum ɗaya, mai suna da hali, wanda ke ƙaruwa da ƙarfi daga wannan zama zuwa wancan.

Yadda ɗa ya komo yana koya wa uba

Wasan na'ura shi ya fara yin aro. Cikin 1978 Roy Trubshaw da Richard Bartle su ka ƙago MUD a Jami'ar Essex ta Ingila, inda mutane da yawa ke shiga duniya ɗaya ta kwamfuta. *Ultima Online* ya biyo baya a 1997, *EverQuest* a 1999, sa'an nan *World of Warcraft* a 2004, wanda masu biyan kuɗinsa wata-wata su ka kai miliyan 12 cikin 2010. Galibin irin waɗannan wasanni daga tebur su ka ɗauko lissafin rai da rauni, da hawa mataki-mataki, da rabon mutane zuwa jarumi da boka da mai magani. Abu ɗaya ne ba su iya ɗauka ba, watau uban wasa. Na'ura ba ta jin magana, ba ta yin ijtihadi. Abin da aka rubuta mata kaɗai ta sani. Sabo da haka dole aka ƙayyade wa ɗan wasa abubuwan da zai iya yi, aka jera masa su a allo ya zaɓa.

Cikin 2008 kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da bugu na huɗu na *Dungeons & Dragons*. An kasa 'yan wasa aji huɗu: mai tare abokan gaba, da mai kai sara, da mai sarrafa fagen fama, da mai ƙarfafa 'yan'uwa. An kuma ba kowa jerin dabarun faɗa, wasu a yi su kullum, wasu sau ɗaya a kowace arangama, wasu sau ɗaya a yini. Nan da nan tsofaffin 'yan wasa da yawa su ka ce an mai da tebur kwamfuta. Masu goyon baya kuwa su ka ce gyara aka yi, domin a dā boka ya kan danne jarumi in wasa ya yi nisa, yanzu kowa yana da abin yi, kuma aikin uban wasa ya yi sauƙi. Duk ɓangarorin biyu suna da gaskiya gwargwado. Sai dai kasuwa ta nuna inda zuciyar mutane da yawa ta karkata: kamfanin Paizo ya fitar da *Pathfinder* a 2009 bisa tsohon tsari, ya ja jama'a mai yawa. Cikin 2014 aka fitar da bugu na biyar, aka sassauta dokoki, aka mayar wa uban wasa da ikonsa, amma ba a zubar da kome da kome ba. An riƙe wasu dabarun bugu na huɗu, kamar ɗan gajeren hutu da ke mayar da ƙarfi, da ƙananan tsafe-tsafen da boka ke yi ba iyaka. Ga misalin aro da aka tace, aka riƙe tsaba aka watsar da dusa.

Abin da Hausawa ke da shi tun dā

Wasan zaure irin na Turawa haɗin abu uku ne: labari, da kwaikwayo, da doka. Hausawa suna da ukun duka, sai dai kowanne yana zaman kansa.

Labari yana cikin tatsuniya. Mai ba da ita tana canza murya, ta yi tsamin bakin Gizo, ta yi gurnanin Dodo, yara suna amsa waƙa. Halayen mutanen cikinta a tsare su ke, kowa ya san wayon Gizo da haƙurin Ƙoƙi da haɗamar Kura. Amma mai sauraro ba shi da ikon juya labarin, sai ya bi shi har ƙurunƙus.

Kwaikwayo yana cikin tashe, wanda a ke farawa in azumi ya kwana goma. Yaro ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya jakar saiwoyi ya zama Jatau mai magani, 'yammata su yi Mairama da Daudu, Nalako kuwa ya fito farautar gwagware a birnin Kano. Haka kuma a kalankuwa samarin ƙauye su kan naɗa wa junansu sarautu bayan kaka, a wasan gauta matan fada su kan kwaikwayi sarki da fadawansa, a Damagaram kuma akwai wasan kara. A nan ɗan wasa ya shiga rigar wani, amma abin da zai faɗa da abin da zai yi sanannu ne tun kafin a fara.

Doka tana cikin dara. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, a dasa su cikin gurabu, sa'an nan a riƙa matsawa gida ɗaya ɗaya. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Akwai tunani mai zurfi a ciki, amma babu labari, babu wanda ya zama wani.

Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara da yawa daga cikin waɗannan cikin *Tatsuniyoyi da Wasanni*, ya sa su a hannun malaman makaranta. Abin da ya rage shi ne a haɗa ukun wuri ɗaya, a ba yaro ikon zaɓi. Sana'ar ƙago wasannin tebur ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, domin kamfanin NIBCARD na Abuja ya sami lambar yabo ta Diana Jones cikin 2021, wadda a ke bayarwa ga gwanayen wannan fanni na duniya.

Misali: ayarin Gwanja

A ɗauka malami ya zaunar da ɗalibai biyar, ya ce musu su fatake ne, za su tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, a zamanin da kasuwar Salaga ke ci, kafin Turawan Ingila su karya Asante cikin 1874. Ɗaya ya zama madugu, ɗaya jagaba mai shiga gaba, ɗaya uban dawaki mai taimakon madugu, ɗaya malamin ayari mai rubutu da addu'a, ɗaya kuma yaro mai kora jakuna. Kayansu kanwa da turkuɗi da jan fata. Sun yi zango bayan zango, sai ga su a bakin Kwara, mai fito ya yanka musu kuɗin da ya fi ƙarfinsu.

Da na'ura ce ke jan wasan, da abu uku za ta jera musu: su biya, su yi faɗa, ko su juya. A zaure kuwa madugu yana iya cewa zai kai wa sarkin garin gaisuwar riga. Malamin ayari yana iya cewa ya ji ɗan mai fito ba shi da lafiya, zai yi masa rubutu. Yaron jakuna yana iya tambayar ƙabilar mai fiton, ko akwai wasan barkwanci tsakaninsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da malami ya shirya, amma yana iya auna kowanne da saninsa, ya amsa da bakin mai fito. Kafin a ƙetare kogin, ɗalibai sun yi gaisuwar manya, sun yi ciniki, sun yi roƙo, sun jefa karin magana. Wannan shi ne ribar wasan ga malamin harshe, kuma ita ce abin da za a fara yin hasararsa in aka kwafi na'ura ido rufe.

Abin da ya kamata a ara

Na farko, saurin shiga wasa. Wasan waya ba ya ba yaro littafi ya karanta kafin ya fara. Yana koya masa ne a cikin yi, abu ɗaya bayan ɗaya. Littattafan wasan tebur na Turawa kuwa su kan kai shafi ɗari uku. Darasin aji bai kai awa guda ba, sabo da haka dokar da ba ta shiga shafi ɗaya ba ta yi yawa.

Na biyu, rabon aiki. Wasannin intanet sun gane cewa ƙungiya ba ta daɗi sai kowa yana da abin da in bai yi ba, ba mai yi. A aji wannan shi ke hana mai baki ɗaya ya cinye wasan, mai kunya ya koma ɗan kallo. Sai dai ba dole ba ne rabon ya zama na fagen fama. Ayarin fatake ya riga ya raba aikinsa, haka ma fada da kasuwa da gona. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, ganin ci gaba. Yaro yana son ya ga inda ya ke da inda ya nufa. Taswirar hanya a allo, da zango-zango a kanta, da lissafin kaya da riba a takarda, sun isa su biya wannan bukata, su kuma koyar da lissafi da labarin ƙasa a kan hanya.

Na huɗu, adalci a bayyane. Abin da yara ke yabawa ga na'ura shi ne ba ta son kai. Uban wasa mutum ne, yana iya karkata ga ɗalibin da ya ke so. Maganin wannan shi ne 'yan dokoki kaɗan waɗanda kowa ya sani, shi ma su ɗaure shi.

Abin da ya kamata a bari

Na farko shi ne jerin zaɓi a rufe. Na'ura ta yi haka ne don lalura, kamar yadda gurgu ke riƙe sanda. Mai ƙafa biyu da ya ari sandar gurgu bai ƙaru da kome ba.

Na biyu shi ne fifita faɗa. Faɗa ya cika wasannin na'ura domin shi ne abin da ya fi sauƙin lissafi: wane ya sari wane, rai nawa ya rage. Sulhu da lallashi da cin amana da yafiya ba su lissaftuwa haka, amma mutum yana iya hukunta su, kuma su ne jigon tatsuniya.

Na uku shi ne ƙugiyar kasuwa, kuma a nan ne darasin Ƙofar Wambai ya ke komowa. Wasan da a ke biya wata-wata an gina shi ne don kada mutum ya gama. Wanda a ke bayarwa kyauta a waya kuwa yana cin abincinsa ne daga ƙananan saye-saye, har da akwatunan da a ke biya ba a san abin da ke ciki ba. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatuna a matsayin caca cikin 2018, kuma cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtukan da ta amince da su. Maimaita aiki ɗaya sau ɗari don a sami lada, da kyautar da a ke ba wanda ya dawo kullum, dabarun tsare mai saye ne. Malami ba shi da abin sayarwa. Wasansa ya kamata ya sami farko da ƙarshe, kamar yadda tatsuniya ke da su.

Maganar dayis

Akwai wata matsala da Turawa ba su gamu da ita ba, amma malamin Kano zai gamu da ita tun ranar farko. Malaman fiƙihu da yawa sun hana wasan da a ke jefa dayis, ko da babu kuɗi a ciki, iyaye kuma su kan haɗa shi da caca. Ba lalle ne wasan ya tsaya a kansa ba. Cikin 1991 Erick Wujcik ya buga *Amber*, wasan zaure wanda babu dayis a cikinsa ko kaɗan. Malami yana iya ba kowane ɗalibi ƙwallon dabino goma a farkon tafiya, ya zama guzurinsa na sa'a: duk sa'ad da ya ke so abu mai wuya ya yiwu, sai ya ba da ɗaya ko biyu, in sun ƙare kuwa sai dabarar bakinsa. Ta haka shakka tana nan, zaɓi yana da tsada, kuma yaro ya koyi tattali a maimakon dogara ga faɗuwar ƙashi.

Kammalawa

Masu cewa kada a taɓa kome na na'ura sun manta cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya; yaron da ya saba da allo ba zai zauna wa wasa mai nawa da dogon sharaɗi ba. Masu cewa a kwafe ta duka kuma sun manta cewa zanen aro ba ya rufe katara. Ma'aunin da zai raba su guda ne: a kan kowace dabara a tambaya, me ya sa na'ura ta yi ta? In ta yi ta ne domin ta lura da abin da ke faranta wa ɗan wasa rai, a ɗauka. In ta yi ta ne domin ba ta jin magana, ko domin mai ita yana neman kuɗi, a bar mata kayanta.

Aikin da ke gaban kwalejojin horon malamai a fili ya ke. Ɗalibin da zai zama uban wasa yana bukatar sanin tarihin fatauci da sarautu da sana'o'i, da iya canza murya irin ta mai tatsuniya, da haƙurin sauraron amsar da bai zata ba. Ana iya gwada ayarin Gwanja a darasin koyon koyarwa da allo da alli da ƙwallon dabino hamsin, a rubuta abin da ya yi kyau da abin da ya ƙi, a aika wa sauran kwalejoji su gwada nasu.